Mako Biyar a Ɗakin Allura

Litinin, 5 ga Mayu, bayan La'asar

Yau sababbin mataimaka suka fara, su uku. Ni na matsa wa Dakta Matiyu ya ɗauke su. Shekara goma sha bakwai ni kaɗai ce nas a wannan ɗan asibiti nasa na Jekadafari, ban taɓa cewa aiki ya yi mini yawa ba. Shi ya sa da na ce ina son a ƙaro hannu sai ya sauke tabarau ya dube ni. Ya ce, "Sista Barira, wata nawa za ki yi kina koya musu?" Na ce sati huɗu. Ya ce ai wata uku ake yi. Na ce sati huɗu nake da shi. Ya mayar da tabaransa.

Akwai Sandra, 'yar Kaltungo, baki kamar rediyo, rabi Hausa rabi Turanci. Akwai Najeeba, 'yar unguwarmu Hammadu Kafi, wadda sai ka matso kafin ka ji abin da take faɗa. Sai Malam Abdulrazak, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya shekara goma sha biyu yana tsaron kantin magani, yana ganin saura ƙiris ya zama likita.

Wanke hannu kawai muka yi yau. Na shafa musu manja, na ce kowa ya rufe ido ya wanke yadda ya saba. Malam Abdulrazak ya ɓata rai, ya ce, "Sista, ni fa mutum ne mai yawan alwala." Da ya buɗe ido ga manja ja wur a tsakanin yatsu da gindin farce. Sandra ta yi dariya har da riƙe ciki, sai ta duba nata hannun, shi ma ja wur.

Ina son su. Tun yau na ji haka, kuma ban so ba.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Awon hawan jini. Na ɓoye na'urar nan mai batir a cikin durowa, na fito da tsohuwar, wadda ake hura wa iska ana saurare da kunne. Ranar da batir ya mutu, kunne ba ya mutuwa. Suka yi ta auna juna har hannun Najeeba ya yi tsami.

Sandra ta ce za ta gwada a kaina. Ta kama hannuna na hagu, na janye na miƙa mata na dama. Ta ce, "Sista, akwai bambanci ne?" Na ce yau dai akwai.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan Azahar

Na je can babban asibiti da safe. Sun ɗebi abin da za su ɗiba, ɗan mitsitsi, an sa a kwalba an rubuta sunana. Yarinyar da ta rubuta ba ta sa kwanan wata ba sai da na tuna mata. Sun ce sati biyu.

Na koma aiki kafin sha ɗaya. Na ce wa ɗalibaina banki na je. Hannun ba ya ɗaguwa sosai, sai na sa Malam Abdulrazak ya sauko da kwalin auduga daga saman kabad, na mai da abin darasi: ga yadda ake jera kaya, wanda zai riga lalacewa shi ne a gaba.

Juma'a, 9 ga Mayu, da yamma

Zafi. Hadari ya haɗu ta gabas ya watse. Ba abin rubutawa.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan La'asar

Na sayo lemo guda tara a bakin hanya, muka fara allura. Yadda ake zuƙo ruwa, yadda ake fitar da iska, yadda ake goge wuri da sifirit a bar shi ya bushe. Sandra tana soka lemo kamar ya zage ta. Malam Abdulrazak ya iya, amma yana da mugun hali na mayar wa allura murfinta bayan an gama. Sau uku na ce masa kai tsaye cikin kwalin zubarwa. Na huɗu na buge masa hannu da biro. Ya ce, "Sista, ko matata ba ta dukana." Na ce da ta fara da ka gyaru.

Najeeba kuwa ta riƙe sirinji ta kasa sokawa. A kan lemo fa. Na ce, "Najeeba, lemon nan ba shi da dangi, ba wanda zai kawo ƙara." Ta yi murmushi, amma ba ta soka ba. Da sauran suka fita cin abinci ta ce mini a hankali, "Sista, ba jini nake tsoro ba. Ina tsoron in ji wa mutum ciwo yana kallona."

Na ba ta labarin allurata ta farko, wani tsohon Bafulatani da ya ce mini in yi sauri shanunsa na jira, ni kuwa ina tsaye ina karanto duk addu'ar da na sani. Na ce mata mai tsoron cutar da mutum shi nake so a ɗakin nan. Wanda ba ya tsoro shi nake sa wa ido.

Ta soka. Muka ɓare lemon da ba a taɓa ba muka sha.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan Magariba

Na yi wa Sandra faɗan da ya wuce kima.

Bappa Sule ne ya zo, mai sayar da hatsi, tsohon majinyacinmu. Ya ce ƙeyarsa na sara tun jiya. Na sa Sandra ta auna shi, ta rubuta a kati ɗari da ashirin bisa tamanin. Na dubi lambar, na dubi idon Bappa da ya kaɗa ya yi ja, na ce kawo. Ɗari da casa'in bisa ɗari da goma. Nan take na shigar da shi wurin Dakta.

Da na fito na ja ta ɗakin allura. Ta ce fanka na ƙara, ba ta ji bugun ba, kuma ta ji kunyar ta ce ba ta ji ba. Na ce, "Da ya koma kasuwa da lambarki ya faɗi a kan buhu, kunyar taki za ta ɗaga shi?" Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Muryata har waje. Ta tsaya hawaye na zuba.

Laifi ta yi, babba. Amma rabin faɗan ba nata ba ne. Na sani.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Ta riga kowa zuwa. Na same ta ta kashe fanka tana auna mai gadi, karo na biyar in ji shi, ya ce hannunsa ya kusa tsinkewa. Na ba ta haƙuri a gaban sauran, tunda a gabansu aka ji faɗan. Ta ce, "Sista, ni ce zan ce sori." Na ce su duka uku su maimaita bayana: ban ji ba, ban sani ba, bari in tambaya. Malam Abdulrazak ya ce ta tsakiyar ce ke maƙale masa a wuya. Aƙalla ya faɗi gaskiya.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan Azahar

Khairiyya ta kira daga Maiduguri. Autata ke nan, ita kaɗai ta rage ba ta yi aure ba, tana jarrabawar ƙarshe a jami'a. Saura takarda huɗu. Ta ce, "Umma, muryarki wani iri." Na ce zafi ne. Ta ce in riƙa shan ruwa. Ni take gaya wa.

Sai ta gama. Ba zan ɗora mata kaya tana tsakiyar rafi ba.

Litinin, 19 ga Mayu, da yamma

Gwajin zazzaɓi da na sikari, huda yatsa. Sai aka kawo wata yarinya 'yar shekara uku tana ta ihu, ta ƙi yarda kowa ya taɓa ta. Malam Abdulrazak ya tsuguna, ya hura safar hannu ta zama balan-balan mai yatsu biyar, ya zana mata ido da biro, ya ce wannan zakara ne, sunansa Alhaji. Kafin yarinya ta gama gaisawa da Alhaji an huda an gama. Ban san yana da wannan ba. Na dai ja masa kunne daga baya, don na ji yana gaya wa uwar maganin da ya kamata ta saya. Na ce a nan aikinsa ya auna ya rubuta ya kai wa Dakta. Ya ce sabo ne. Na ce turke ne, a tumɓuke shi.

Talata, 20 ga Mayu, bayan La'asar

Dakta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Sati biyu kina ɗaukar tire da hannu ɗaya. Kin daina rataya jaka a hagu. Kin ce sati huɗu kike da shi. Ni likita ne fa, Sista, ko kin manta?"

Na ce ina da aiki a waje.

Ya ce, "Zauna."

Na zauna. Na gaya masa tun daga ranar da na fara jin ƙullutun a mamana na hagu a wurin wanka, wata biyu ke nan. Ya juya biro a hannunsa. Ya ce, "Wata biyu. Da majinyaciya ce ta yi haka da kin cinye ta ɗanya." Na ce na sani. Ya ce gobe shi zai kai ni karɓo sakamako a motarsa. Na ce Keke Napep bai ƙare a Gombe ba. Ya ce bai tambaye ni ba.

Da zan fita ya ce, "Barira." Bai taɓa kiran sunana haka kawai ba. Ya ce shi da matarsa Madam Jane za su sa ni a addu'a, in ban damu ba. Na ce ai ba a mayar da addu'a.

Laraba, 21 ga Mayu, da rana

Sakamako ya fito. Alhamdu lillahi a kan kowane hali.

Laraba, bayan Magariba

An yi ruwan farko yau. Na zauna a bakin ƙofa ina jin ƙamshin ƙasa. Madam Jane ta aiko da kunun gyaɗa a fulas, da zafinsa. Na sha kofi biyu. Ban yi zaton zan iya ba.

Ranar uku ga Yuni suka ba ni, ranar tiyata.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan La'asar

Wanke ciwo. Daga tsakiya zuwa waje, auduga ɗaya shafa ɗaya, ba a komawa baya. Na nuna musu yadda ake gane ciwon da ke warkewa da wanda ya fara ɓaci: ja, kumburi, zafi, ruwa, wari. Na ce a duba fuskar mai ciwo kafin a duba ciwon, kuma duk abin da aka gani kada fuska ta nuna.

Na maimaita musu wannan sau uku. Sandra ta ce, "Sista, mun rubuta." Na ce a sake rubutawa.

Litinin, 26 ga Mayu, da hantsi

Sun ba ni takardar gwaje-gwajen jinin da za a yi kafin ranar. Dakta ya ce shi zai ɗiba. Na ce a'a, ina da mai ɗiba.

Na kira Najeeba ɗakin allura na tura ƙofa. Har yau ba ta taɓa shiga jijiyar mutum ba, sai hannun roba da muke gwaji da shi. Na ce yau za ki ɗebi jini. Ta ce na wa? Na nannaɗe hannun riga na dama.

Ta ce, "Sista, don Allah."

Na ce, "Karanta takarda tukuna. Ba a taɓa mutum ba a karanta takardarsa ba."

Ta karanta. Suna, shekara hamsin da uku, sannan layin da likitan can ya rubuta dalili. Na koya musu gajerun kalmomin nan na likitoci da kaina makon jiya, ban da zaɓi. Na ga idonta ya tsaya a wurin. Ta daɗe. Na jira in ga fuskar za ta nuna.

Ta ajiye takardar. Ta je ta wanke hannu, tsakanin yatsu, gindin farce. Ta sa safa. Ta ce, "Hajiya, sunana Najeeba, zan ɗebi jininki kaɗan. Za ki ji tsini, ba zai daɗe ba." Hajiya ta ce mini, kamar ba ta san ni ba. Ta ɗaure roba, ta laluba da yatsa, ta goge, ta jira ya bushe. Ni ce na kau da kai. Ni.

Sau ɗaya ta shiga. Kwalba uku. Ta kwance roba kafin ta zare, ta danna auduga, allura kai tsaye cikin kwali. Ta rubuta suna da kwanan wata da lokaci a kan kowace kwalba, rubutu tsaf.

Sai da ta cire safa ta jefar sannan ta durƙusa ta kifa kanta a cinyata. Na bar ta. Na ce, "To, ya isa, za ki jiƙa mini yunifom." Ta ce, "Shi ya sa kike ta sauri da mu." Na ce shi ya sa.

Talata, 27 ga Mayu, da yamma

Na gaya wa sauran biyun da bakina, kafin su tsinta a wani wuri. Sandra ta ce, "No, no, no," ta fita, ta dawo, ta rungume ni ta gefen da bai kamata ba, na ce wayyo, ta sake ni tana ba da haƙuri, muka ɓuge da dariya. Malam Abdulrazak ya sunkuyar da kai ya daɗe yana addu'a. Da ya ɗago ya ce akwai wani magani da ake kawowa daga Indiya. Na dube shi. Ya ce, "Ban sani ba. Bari in yi shiru."

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan Azahar

Khairiyya ta gama jiya, ta iso yau. Na bari ta ci abinci tukuna.

Ba ta yi kuka ba da farko, faɗa ta yi. "Umma, wata biyu? Kina ce mini zafi ne? Su Yaya sun sani?" Na ce ba wanda ya sani. Ta ce, "Wato mu sai a kira mu a ce ku zo." Ba ta ƙarasa ba. Ta shige ɗaki. Can ta fito da wayata a hannu ta ce in kira yayyenta yanzu, tana tsaye. Na kira. Abin da na yi sati uku ina gudu, minti ashirin ya ɗauka.

Tana da gaskiya. Fushin ma irin na babanta ne, Allah ya ji ƙansa, har da yadda take taune leɓe.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan La'asar

Ranata ta ƙarshe a wurin aiki, zuwa wani lokaci. Na ce yau kujera zan zauna, ba zan taɓa komai ba.

Wajen sha ɗaya aka shigo da wani birkila, kwanon rufi ya yanke shi a tafin hannu, jini har gwiwar hannu, abokansa biyu suna ta hayaniya. Jikina ya miƙe da kansa. Na zauna a kan hannuwana.

Malam Abdulrazak ya fitar da abokan da lalama, ya dawo ya ɗaga hannun sama ya danne da bandeji. Sandra ta auna shi, ta faɗi lambar da ƙarfi, ta tambaye shi yaushe rabonsa da allurar tetanus, ta ruga ta kira Dakta. Najeeba ta jera tiren ɗinki, ba abin da ya ɓace. Dakta ya yi ɗinki shida, bai nemi komai ya rasa ba. Sun manta su rubuta lokacin da mutumin ya iso. Shi ke nan abin da na samu na yi ƙorafi a kai, na kuwa yi shi sosai.

Da za a tashi na miƙa wa Malam Abdulrazak makullin kabad. Ya karɓa da hannu biyu. Wata nas za ta riƙa zuwa daga wani asibiti sau uku a mako. Na ce su girmama ta, ko da ta jera kaya ba yadda nake jerawa ba. Sandra ta ce ba ta yi alkawari ba.

Talata, 3 ga Yuni, bayan Asuba

Ba ci ba sha. Khairiyya ta haɗa jaka, ta sa zani shida kamar za mu Makka. Dakta na waje yana jira, ya ƙi yin hon saboda maƙwabta.

Bismillah.

Litinin, 9 ga Yuni, da hantsi

Na dawo gida jiya. A gadon asibiti na yi Sallah, 'ya'yana duka sun zo, har aka yi ta korar su daga ɗakin. Likitoci sun ce aiki ya yi kyau, sun cire abin da za su cire. Akwai sauran tafiya, allurai na wata da watanni, za a fara in wurin ya warke. Gashi zai zube, in ji su. Dama a ɗaure yake.

Rubutu da wuya. Gobe.

Laraba, 11 ga Yuni, bayan La'asar

Dakta ya turo Najeeba ta canza mini bandeji. Ta zo da jakar kaya da soyayyen naman Sallah daga gidan Malam Abdulrazak, da wasiƙar Sandra shafi biyu, duk ƙarar sabuwar nas.

Kwana takwas ke nan ban kalli wurin ba. A asibiti in an zo buɗewa sai in dubi silin. Ni da na wanke ciwon mutane ba adadi, na ƙuna, na haɗarin mota, na masu sikari da kowa ke toshe hanci. Nawa ya gagare ni.

Najeeba ta shimfiɗa kayanta a kan tebur, Khairiyya na riƙe mata tire. Ta ɗaga filasta a hankali. Na dubi taga. Ina jin sanyin auduga, shafa ɗaya, ta jefar, ta ɗauki wata. 

Can ta ce, "Babu ja. Babu kumburi. Babu ruwa, ɗinki bai buɗe ba ko ɗaya. Yana warkewa, Sista."

Na ce to, madalla, rufe.

Ba ta rufe ba. Ta ce, muryar nan tata da sai an matso, "Ni ɗaliba ce. Sai babba ta duba aikina kafin in rufe."

Na ce Najeeba, kin yi wayo da yawa. Khairiyya ta ajiye tire ta kama hannuna na dama.

Na sunkuya na duba. Layi ne dogo, a miƙe, daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, fatar a lafe inda dā ba haka take ba. Na daɗe ina kallo. Na bi shi da ido daga wannan bakin zuwa wancan, kamar yadda zan bi na kowa.

Babu ja. Babu ruwa. Gaskiyarta ne.

Na ce, "Rufe, Sista."